Man Kolmani, kwal ɗin Maiganga da buhun gawayi: wa ke biyan kuɗin wutarmu?

Nura Akko
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a Nuwamban 2022, can tsakanin Alkaleri da Akko, nake jin wasu 'yan bokonmu suna cewa wai mun makara, duniya ta juya wa mai baya saboda sauyin yanayi, gara a bar shi a ƙasa. Ni wannan magana ba ta shiga kaina. An ce akwai ganga sama da biliyan 1 a wurin, ban da iskar gas. Ingila da Jamus da Amurka da kwal da mai suka gina ƙasashensu, sun fi shekara 100 suna ƙonawa. Afirka kaf ɗinta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Sai yanzu da Allah ya kawo namu rabon za a ce mu haƙura? Wa ya yi ɓarnar, wa ake so ya biya?

Hamma Bello
Wa alaikumussalam. Wallahi ka faɗi abin da ke raina. A haƙo shi kawai, yaranmu su samu aiki.

Injiniya Sadiƙ
Nura, ta fuskar adalci ba ni da ja da kai. Ɗan Najeriya ɗaya yana fitar da kimanin rabin tan na wannan hayaƙi a shekara, Ba'amurke ɗaya kuwa ya haura tan 14. Ba wanda zai ɗora mana laifin ɗumamar duniya. Amma ka kalli inda aka riga mu. An samu mai a Oloibiri ta Neja Dalta tun 1956, je ka tambayi mutanen wurin ko suna da wuta da ruwan sha a yau. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran ɓarnar malalar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Har gobe ana ƙona gas a sararin Neja Dalta dare da rana, mutane suna kwana cikin zafinsa. Su can ruwa ya ishe su amma mai ya kashe musu kifi. Mu nan da rijiya da burtsatse muka dogara, in mai ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa ina za mu sa kanmu? Kuma kar a manta Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri take, da giwayenta da ruwan Wikki.

Nura Akko
To Injiniya, don an yi wa wasu ba daidai ba sai mu ƙi namu? A yi doka mai ƙarfi mana.

Injiniya Sadiƙ
Ban ce a ƙi ba. Cewa na yi a rubuta tun yanzu wa zai biya in an samu malala, a auna ruwan rijiyoyin ƙauyukan kafin aiki ya kankama don a samu abin kafa hujja gobe, a kuma hana ƙona gas tun ranar farko. Bayan an fara lodi ba wanda zai saurari mai gona.

Bappa Usman
Yarana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ku yi mini uzuri zan ɗan tsawaita. Na yi aikin gandun daji tun muna jihar Bauchi, kafin a yanke Gombe a 1996, har na yi ritaya. Kuna ta muhawara kan man da bai fito kasuwa ba, alhali makamashin da Gombe da Bauchi ke ƙonawa kullum safiya yana wuce ku a kan titi. Ku tsaya bakin hanyar Bauchi ko ta Dukku da yamma ku ƙirga motocin gawayi da na itace. Wannan ita ce rijiyar man da muke haƙa tun tuni, kuma ita ba a yi mata bikin ƙaddamarwa ba.

Gawayi ba kowane itace ake yi da shi ba. Mai yin sa kirya yake nema, da marke, da kaɗanya, masu nauyi waɗanda garwashinsu ke daɗewa. Su ne kuma masu jinkirin girma. Kaɗanya sai ta yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma yini ɗaya ya isa a kayar da ita a turbuɗe. A ramin gargajiya da ake rufewa da ƙasa, mafi yawan ƙarfin itacen a hayaƙi yake tafiya, abin da ke fitowa gawayi kaɗan ne daga nauyin da aka zuba. Da kirya ta yi ƙaranci aka koma kan ɗorawa da tsamiya, itatuwan da a zamaninmu ko reshe ka sara sai ka amsa tambaya gaban mai gari. Matar ƙauye da ke yin man kaɗe da daddawa ita ta fara asara, ba ta kuma ga ko sisi daga kuɗin buhun ba.

Kwazazzaban da suka tsattsaga garin Gombe, kuna ganin daga ina suka fito? Ƙasarmu rairayi ce, garin kuma a gangare yake. Da can tuddan da ke kewaye suna da itatuwa, ruwa ya sauka ya nitse. Yanzu ya sauka kan ƙasa tsirara da rufin kwano, ya taho da gudu ya tafi da gidajen mutane.

Maman Walida
Bappa, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma da me zan dafa? Ni abincin sayarwa nake yi. Da na koma gas gaba ɗaya, tukwanena fes, idona ya huta. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya haura naira 1,000 kilo ɗaya, sai na jawo kurfotina na koma gawayi, wake kuma a murhun itace. Ba don ina so ba ne. In na ƙara kuɗin faranti masu saye su gudu, su ma ba su da shi. Duk unguwarmu haka ne, silinda tana ajiye a lungu ta yi ƙura.

Bappa Usman
'Yata, ban ɗora miki laifi ba ko kaɗan. Ke ce ma shaidata.

Sale Mai Gawayi
Tun da an taɓo sana'ata bari in yi magana. Bappa, da girmanka, amma kullum mu ake zagi. Gwamnati ta ce ta hana, a tare mota a ƙwace buhuna, washegari matan masu ƙwacewar su aiko a sayo musu a rumfata. Yaran da ke shiga daji ba don daɗi suke yi ba, rani ya yi, ba noma, ba aiki, ga iyali. Kuma a faɗi gaskiya, wanda ya fi cin daji shi ne mai share gona. Mutum ya samu fili mai faɗi ya sa a tumɓuke komai har saiwa don ya shuka riɗi ko masara, mu sai mu sayi abin da aka kayar. Ga masu yankan madobiya da suka riƙa lodi ana fita da ita ƙasar waje. Su wa ya tare su?

Bappa Usman
Malam Sale, maganar share gona haka take, ban musa ba. Jama'a ta ninka, gona ba ta hutawa, burtali ma an nome. Shi ya sa ban taɓa yarda hani kaɗai zai yi magani ba. Amma ka san akwai bambanci tsakanin wanda ya sassabe reshe ya bar uwa, da wanda ya kewaye gindin kaɗanya ɗanya da wuta don ta bushe ya ce matacciya ya tarar. Kai ma ka san ana yi.

Sale Mai Gawayi
Ana yi. Ni ma ba na jin daɗinsa.

Sista Rahila Kaltungo
Sannunku da muhawara. Bari in kawo abin da muke gani a asibiti, don kuɗin gawayi da itace ba daji kaɗai ke biya ba. Uwa tana girki a rufaffen madafi da goyo a baya, hayaƙin da take shaƙa shi jaririn yake shaƙa. Daga nan sai tari, sai ciwon haƙarƙari, sai numfashi ya riƙa sarƙewa. Tsofaffin mata da ba su taɓa riƙe taba ba ƙirjinsu ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki na cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara a duniya, yawanci mata da ƙananan yara. Ina roƙonku kuma, lokacin hunturu kar a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa da taga, haka ma janareta kar a kunna shi a zaure ko a baranda a kwanta. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci zai ji kawai.

Alhaji Garba Bajoga
Ni fa ban gane wannan sauyin yanayi da kuke ta ambata ba. Ruwa da rana na Allah ne. Mun ga farin 1973, mun ga na 1984, a lokacin motoci nawa ne a ƙasar? Ya wuce, damina ta dawo.

Bappa Usman
Alhaji, komai na Allah ne, ba mai ja. Shi ne kuma ya sanya sababi, ya hana mu ɓarna a bayan ƙasa. Farin da ka ambata na gan su da idona, kuma gaskiya ne ruwa ya dawo. Amma ka lura da yadda ya dawo: ya makara, ka yi shuka, ya ɗauke mako biyu ko uku shukar ta ƙone, sannan ya zo ya zubar da na wata guda a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan. Zafin Maris da Afrilu kuma kai ma shaida ne, dare ma ba ya sanyi. Masana sun auna, 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Abu biyu ne a nan, kar mu cakuɗa. Ɗumamar duniya ba saran kiryarmu ne ya kawo ta ba, hayaƙin manyan ƙasashe ne. Amma saran da muke yi shi ne ya cire mana garkuwa, har ya zama in ta zo ba abin da zai tare mana.

Injiniya Sadiƙ
Shi ya sa nake saɓa wa abokaina masu cewa a yi watsi da duk abin da aka haƙo daga ƙasa. A maganar girki, gas shi ne mafi sauƙin sharri a gare mu yanzu. Daga ƙasa aka haƙo shi, yana fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya, amma kowace silinda da Maman Walida ta cika itace ne ya tsira, ƙirjinta ma ya tsira. In da za a ba ni zaɓin inda za a sa tallafi, a nan zan sa shi. Nura, in har za a haƙi Kolmani, ni gas ɗinsa nake kallo kafin mansa. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 bai biyo ta wajenmu ba, ka ga in ba mu yi magana a kan namu ba haka za a bar mu.

Ya'u Kumo
To kwal fa? Ga shi nan a Maiganga ana ɗiba ana kaiwa Ashaka ana ƙona siminti. Me zai hana a yi mana tashar wuta da shi tun da namu ne?

Injiniya Sadiƙ
Malam Ya'u, a duk cikinsu shi ne mafi muni ta fuskar hayaƙi. In ka lissafa tun daga haƙa har ƙonawa, yunit ɗaya na wutar kwal yana fitar da kusan giram 820 na hayaƙi mai ɗumama duniya, na gas kusan 490, na sola bai kai 50 ba, na ruwa da iska ƙasa da haka. Irin kwal ɗin yankinmu kuma mai laushi ne, ƙarfinsa kaɗan, tokarsa da yawa. Haƙarsa ba rami ake shiga ba, ƙasar sama ake yayewa baki ɗaya, dole gona ta tashi, dole gari ya matsa, ga ƙura, ga ruwan da ke taruwa a ramin. Ka je Jos ka ga kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Na san siminti sai da wuta mai tsanani, na san mutane suna cin abinci a wurin. Amma a gina sabuwar tashar kwal a ƙasar da rana ke dukanta wata takwas, ban ga dalili ba.

Ɗanlami Dadin Kowa
Tun ɗazu nake jira a zo kan dam ɗin Dadin Kowa. Mu dai mun ga amfaninsa. Shinkafa sau biyu a shekara, ga tumatir da albasa, ga kifi, ruwan famfon Gombe ma daga nan ake turawa. An gina shi kan kogin Gongola tun shekarun 1980, sai dai injinan wutar sun yi shekara sama da 30 kafin su fara aiki, megawat 40. Ba hayaƙi, ba dizal. Ni a wurina ba abin da ya kai ruwa.

Goggo Asabe
Ɗana, ka faɗi rabi. 'Yan'uwana suna ƙasa da dam. In ya cika aka buɗe ƙofa, gonarsu ce ke tafiya, wani lokaci ana dab da girbi. Garuruwan da ruwan ya cinye lokacin da aka tare shi kuma ba su dawo ba. Ga sauro, ga tsargiya a jikin yara masu wanka a magudanan.

Ɗanlami Dadin Kowa
Gaskiya ne Goggo. Abin da muke roƙo kullum shi ne a riƙa sanarwa da wuri, a kuma riƙa ragewa kaɗan-kaɗan tun kafin ya cika maƙil. Abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle ya tsorata kowa a nan.

Bappa Usman
Ɗanlami, ga abin da zai haɗa maganarka da ta Malam Sale. Duk ƙasar da ruwa ya kwashe daga tuddan da aka aske, a cikin dam take kwanciya. Shekara da shekaru yashi yana cika cikinsa, ruwan da zai iya riƙewa yana raguwa, ya yi saurin cika da damina ya yi saurin janyewa da rani. Buhun gawayin da aka yi a saman Gongola yana rage wutar Dadin Kowa, ko da ba wanda ya taɓa rubuta hakan a takardar biyan kuɗin wuta.

Ku dubi dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi. Tun zamanin Shagari ake maganarsa, har yau bai tabbata ba. Mutanen Ningi da kewaye suna so don noman rani, kuma suna da gaskiya. Mutanen Yobe da ke ƙarshen kogin Jama'are suna tsoro, su ma suna da gaskiya, don sun ga abin da dam ɗin Tiga da na Challawa suka yi wa fadamun Haɗeja da Nguru: ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya suka rasa madafa. Mai dam yana sama, mai biya yana ƙasa, kuma sau da yawa ba su taɓa haɗuwa ba.

Adda Hauwa Pantami
Ni dai sola ta rufa mini asiri. Lokacin da aka lalata turakun babban layin wutar Jos zuwa Gombe a Afrilun 2024 muka yi makonni a duhu cikin tsananin zafi, da ita na riƙe firijin ƙanƙarata. Injiniya, ita kam ai ba ta da aibi ko?

Injiniya Sadiƙ
Adda, sana'ata ce, da ita nake ci da iyali, amma tana da nata. Farantin kansa lafiya lau, yana iya kai shekara 25 in mai kyau ne, sai dai a riƙa goge ƙurar hunturu. Matsalar batir ce. Irin mai ruwa da yawancin gidaje ke saye dalma ce a cikinsa, shekara biyu ko uku ya mutu, a sayar wa 'yan gwangwan. Daga nan wani yaro ya fasa shi da guduma a bayan gida, ya tuttular da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a buɗaɗɗen wuri. Kun tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe. Can daga haƙar zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara kamawa. Batirin litiyam ya fi daɗewa sosai, sai dai tsada, kuma shi ma haƙo shi ake yi, ga shi nan ana tona Nasarawa saboda shi. Don Allah duk wanda batirinsa ya mutu ya mayar wa dilan da ya saya a wurinsa a yi musaya, kar ya bari a fasa a unguwa.

Abu na biyu na manoma ne. Injin ban ruwa mai sola alheri ne, ya raba mutane da sayen fetur. Amma da can tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe inji. Yanzu tun fitowar rana har faɗuwarta yana zuƙa, kowa ya haƙa nasa, rijiyar maƙwabci mai guga ta ƙafe.

Ɗanlami Dadin Kowa
Wannan na gani da idona a fadamar wani ƙauye. Sai da mai gari ya raba musu kwanaki.

Nura Akko
Na ji duka, kuma na ƙaru. Amma ban sauka daga bakana ba. Sola ba za ta juya injin casar shinkafa da na matsar gyaɗa da daddare ba sai da batirin miliyoyi. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000, a ce kuma mun yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 za mu kai hayaƙinmu sifili nan da 2060. Talaucin nan shi ke tura yaran Malam Sale daji. A ba su aiki a masana'anta a ga ko za su ɗauki gatari.

Bappa Usman
A nan ba mu da saɓani, Nura. Tsorona ɗaya ne, kafin masana'antar ta zo dajin ya ƙare. Shirin dashen itatuwa da gwamnatin Gombe ta fara a 2019 abu ne mai kyau, haka ma shingen itatuwan da ake yi a jihohi 11 na Arewa. Amma dashe ba ya zama itace sai ya tsallake rani biyu da bakin akuya. Abin da ya fi sauƙi, kuma na ga ya yi aiki, shi ne manomi ya bar kututturen da ke tohowa a gonarsa, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya sassabe sauran. Saiwar tana nan da ranta, ba ta neman ban ruwa. Mutanen Maraɗi da Damagaram da haka suka mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu, gawo musamman, kuma ƙasarsu ta fi tamu bushewa.

Maman Walida
Bappa, murhun nan mai rage cin itace da ake ta faɗa, da gaske ne ko talla ce? In zai ɗauki tukunya mai lamba 20 zan gwada.

Bappa Usman
Da gaske ne in an gina shi daidai da gindin tukunyar, a bar ƙofa ɗaya ta itace, wuta ba ta fita ta gefe. Da yumɓu da ɓuntun shinkafa ake kwaɓawa. Ki sa a auna tukunyar tukuna kafin a gina, in ya yi mata faɗi an yi aikin banza. Ki kuma riƙa jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya.

Sale Mai Gawayi
Injiniya, ɓuntun da Bappa ya ambata tuli yake a bayan injinan casa, wuta ake cinna masa. Na ji ana matse shi a yi gawayi. In yana kamawa da kyau kuma bai fi na itace tsada ba, ni zan sa shi a rumfata, masu shayi da masu tsire su gwada. Injin matsewar maƙeranmu na Gombe za su iya ƙera shi, ko sai an kawo daga Kano?